Tsakanin Ƙafa da Inji: Me Ya Sa Motocin Yanzu Ke Jinkirin Amsa Totur?

Duk inda direbobinmu na ƙasashen waje suka taru, ko a harabar masallaci bayan Juma'a ko a layin jiran fasinja a filin jirgi, in dai hira ta gangaro kan mota, da wuya a watse wani bai ce, "Motocin yanzu ba sa jin totur" ba. Kowa ya san abin da ake nufi. Ka taka, motar ta yi jim kamar yaron da aka aika yana shawarar ko ya je ko kada ya je, sannan ta zabura, wani lokacin ma fiye da yadda ka nema. Galibi jinkirin ba ya kai sakan ɗaya. Amma wanda tuƙi ne abincinsa ya san cewa a cikin wannan ɗan tsakanin ake shiga hanya lafiya, a cikinsa kuma ake yin karo.

Ni direban motar haya ne a garin Milton Keynes da ke Ingila, shekara tara ke nan. Abin da zan faɗa a nan na tsince shi ne a kan sitiyari da kuma a bakin kanikawa. Na ga ya dace in rubuta shi saboda 'yan uwanmu da dama, musamman sababbin zuwa da ɗalibai, suna kashe kuɗin da suka sha wahalar nema a kan maganin da bai dace da ciwon ba, wasu ma har su jawo wa kansu rigima da inshora ba su sani ba.

A Kano na koyi tuƙi, a hannun kawuna, cikin Fijo 504 doguwa irin wadda ake lodin Kaduna da ita, ɗaya daga cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna tun daga 1975. A irin waɗannan motoci babu wani ɓoyayyen al'amari tsakanin ƙafa da inji. Waya ce ta ƙarfe ta taso daga totur ta shige har kafireto. Ka taka, wayar ta ja, wani ɗan faifai da ke tare hanyar iska ya buɗe, wani ƙaramin famfo ya tsarta fetur nan take, inji ya yi ruri. Iyakar yadda ka taka, iyakar yadda ya buɗe. Kawu yakan ce da ni, "Kai yaro, ita mota da tafin ƙafa ake hira da ita." A motocin wancan zamani ko wayar ta tsinke a daji ba a kwana, sai direba ya ɗaura igiya ya zaro ta ta taga, yana ja da hannu har a isa gari. Wanda ƙafarsa ta tashi da wannan tarbiyya dole ya ji baƙon abu ranar da ya fara taka motar zamani.

Milton Keynes kuwa gari ne da ba ya yafe wa mota mai nawa. A 1967 aka ware wurin don gina sabon gari, aka shata manyan titunansa a tsaye da a kwance kamar gidan dara, masu lambar V da masu lambar H. Kusan kowace mahaɗa shataletale ce, yawansu ya haura 100. A yawancin waɗannan tituna an yarda a yi gudun mil 60 a awa, ko 70 in titin mai hannu biyu ne. Doka kuma ta ce mai shiga shataletale shi zai jira na ciki, masu zuwa daga damansa. Wato aikina yini guda shi ne in rage gudu, in duba dama, in hango tazara, in faɗa cikinta.

Ga lissafin da ya sa abin ya wuce ƙorafi. Motar da ke gudun mil 30 a awa tana cin kusan mita 13 a kowane sakan. In tawa ta yi jinkirin rabin sakan, mai tahowa ya matso ni da mita 6 zuwa 7, abin da ya fi tsawon motata gaba ɗaya. A babbar hanyar M1, inda ake gudun mil 70, sakan ɗaya mita 31 ne. Ga fasinja a baya, wataƙila mai jego da jaririnta, wataƙila dattijon da aka sallamo daga asibiti. Shi ya sa na dage sai na fahimci inda wannan rabin sakan yake tafiya.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, waccan wayar ƙarfe babu ita yanzu. A jikin totur ɗin motar zamani sensa ce guda biyu, masu auna nisan da ƙafa ta danna, su aika da saƙon lantarki zuwa ga ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawan gida ke kira biren-bos. An yi su biyu ne don ɗaya ta riƙa tsare gaskiyar ɗaya. In suka saɓa, motar takan rage wa kanta ƙarfi, ta lallaɓa da kai zuwa gareji. Ita ƙwaƙwalwar sai ta duba gudun inji, da giyar da ake ciki, da zafin iska, da ko taya na santsi, sannan ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya buɗe faifan da ke maƙogwaron inji gwargwadon yadda ta ga ya dace. Kamfanin BMW na cikin waɗanda suka fara sa wannan tsari a motar kasuwa, a samfurin 750i mai silinda 12 da ya fito a 1987. Daga shekarun 2000 zuwa yau kuwa ya game kusan kowace sabuwar mota. Da, ƙafa da inji gaba da gaba suke magana. Yanzu sai ta hannun ɗan aike, shi kuma ɗan aiken yana da nasa ra'ayin.

Saƙon lantarkin kansa ba shi da nawa, ƙiftawa da bismilla ya isa. Da gangan aka koya wa ƙwaƙwalwar ta sassauta shi, kuma ruwa ba ya tsami banza. Injin fetur yana son awon iska 14.7 ga kowane awo ɗaya na mai, kuma sai an tsare wannan ma'auni matatar hayaƙi da ke jikin salansa take iya aikinta. In aka wangale maƙogwaro farat ɗaya, iska ta kwararo, ma'aunin ya karkace na ɗan lokaci, sai gurɓataccen hayaƙi ya ƙaru. Dokokin hayaƙi na Turai kuwa tun daga Euro 1 a 1992 har zuwa Euro 6 a 2014 ƙara tsanani suke yi, don haka masu ƙera motoci suka gwammace a buɗe a hankali. Dalili na biyu shi ne hana fizga, wadda ke wahalar da giya da ƙarafan da ke kai ƙarfi ga taya, ta kuma wahalar da wuyan fasinja. Na uku shi ne na'urar hana mota sulɓewa, wadda ta zama dole a kan kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai daga Nuwamban 2014, a Amurka kuma daga samfurin 2012. Wannan na'ura ba za ta yi aiki sosai ba sai tana da ikon rage ƙarfin inji ko da ƙafar direba na kan totur. Na huɗu shi ne tattalin mai.

Sai dai wannan sassautawa kaso ɗaya ce kawai cikin abin da muke ji. Da yawa daga cikin abin da ake ɗora wa totur laifinsa daga wani wuri yake fitowa.

Akwai na tarbo. Don rage shan mai, an ƙanƙanta injina. Yanzu za ka ga mota mai ɗaukar iyali guda da inji mai lita 1.0 da silinda uku, an haɗa masa tarbo don ya yi aikin babba. Ita tarbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji. Takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, amma sai hayaƙi ya yi yawa take kai wa haka. In inji na ƙasa da juyi 1,500 a minti, hayaƙin kaɗan ne, dole a jira ta ɗauki wuta. A motar dizal abin ya fi fitowa fili, domin ƙwaƙwalwar takan riƙe mai har sai iska ta iso, gudun baƙin hayaƙi. Baƙin hayaƙin nan da tsofaffin manyan motoci ke turnuƙe hanya da shi in direba ya taka, shi ne farashin amsawa nan take.

Akwai na giya. Otomatik ɗin yanzu tana da giya 8 ko 9, wasu har 10, kuma an koya mata ta yi maza ta haye sama don inji ya riƙa juyi a hankali. Ka taka da ƙarfi, sai ta sauko biyu ko uku kafin ƙarfi ya iso taya. Wadda ta fi ba mu aiki a garin nan ita ce mai kuloci biyu, irin wadda ke jikin motata. Kuloci ɗaya na riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan na riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6, kuma kullum tana hasashen wadda za ka buƙata nan gaba ta ajiye ta a shirye. In hasashen ya yi daidai, babu mai saurinta. Amma ka tunkari shataletale kana rage gudu, ta ɗauka tsayawa za ka yi, sai ka hango tazara ka taka. A nan take ruɗewa, ta saki abin da ta shirya ta kama wani. Wannan ne jim ɗin da ya fi tayar wa direba hankali, domin yakan zo ne daidai lokacin da hancin motar ya riga ya leƙa.

Akwai na tsarin kashe inji a wurin tsayawa. Ka tsaya a danja, inji ya mutu don tattalin mai. Ka saki birki, sai ya tashi kafin a fara maganar tafiya.

Akwai kuma wanda mutane da yawa ba su sani ba. Bayan kiranyen miliyoyin motoci da kamfanin Toyota ya yi a 2009 da 2010 kan ƙorafin mota na zabura da kanta, inda binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka da hukumar NASA a 2011 bai sami aibu a lantarkin totur ba, ya danganta abin da shimfiɗar ƙafa da totur mai maƙalewa, sai tsarin fifita birki a kan totur ya yaɗu a motoci. In motar ta ji an taka su biyun tare, sai ta bi birki ta yanke ƙarfin inji. Duk mai ɗora ƙafar hagu a kan birki a motar otomatik, ko da a hankali ne, yana iya jawo wa kansa jinkiri da ƙafarsa.

Tunda ciwon kala-kala ne, kafin a nemi magani sai a gane wanne ne ke damun mutum. Gwajin ba ya cin ko kwabo. A sami hanya shiru wadda babu cunkoso. A kashe Eco, a kashe tsarin kashe inji, a mayar da giya hannu, a riƙe ta a ta 2 ko ta 3 har inji ya kai juyi 3,000, sannan a taka. In motar ta amsa nan take, totur ɗinka lafiyarsa lau, jinkirin na giya ne da tarbo, kuma haka aka ƙera ta. In kuwa ta yi tari, ko ta shaƙe, ko tana kakkarwa a tsaye, ko fitilar inji ta kama, ko kuma jinkirin ƙaruwa yake yi wata bayan wata, to wannan rashin lafiya ce.

Tawa ta taɓa shiga wannan hali bayan ta haura mil 90,000. Na kai ta wurin wani bakanike da nake hulɗa da shi, ya jona na'urar bincike a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta a Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Ya bi lambobin, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da tsaga a jikin robar da ke kai iska daga tarbo zuwa inji. Wato tarbo na ta wahala, iskar na zurarewa a hanya. Ya canza ta, ya wanke maƙogwaron inji da ya yi baƙi da dauɗar mai, ya fesa wa sensar auna iska maganin da aka yi dominta, ya sa sabuwar matatar iska da filogi, sannan ya sa ƙwaƙwalwar ta sake koyon matsayin faifan. Wannan mataki na ƙarshe yana da muhimmanci; a motoci da yawa in aka wanke ba a yi shi ba, sai inji ya riƙa hawa da sauka a tsaye. Duka kuɗin bai wuce na cika tanki uku ba, motar ta dawo yadda na san ta. Ya kuma ba ni shawarar in riƙa tambayar dillalin motar ko akwai sabuwar manhajar inji ko ta giya, domin kamfanoni kan fitar da gyara in ƙorafi ya yi yawa a kan wani samfuri.

Yanzu bari mu zo kan ɗan akwatin nan da ake talla a intanet, wanda ake jonawa tsakanin totur da ƙwaƙwalwar mota. Wani ƙanena a sana'a, ɗan Zangon Kumasi, ya sa shi a motarsa, ya same ni cike da murna.

"Yaya, zo ka taɓa ka ji. Wallahi kamar an canza mata inji."

Na karɓi makulli na zaga da ita. Gaskiya ne, da ka shafi totur sai ta yi tsalle. Na ce masa, "Ƙanena, ta yi zafi kam. Amma mu je wurin bakanike mu ga abin da na'ura za ta ce."

Aka jona na'ura, aka buɗe shafin da ke nuna yawan takun da ƙwaƙwalwar ke gani. Ya danna kamar rubu'i, allo ya nuna kusan rabi. Ya danna rabi, allo ya doshi ƙarshe. Ya take har ƙasa, allo ya nuna 100. Aka kashe akwatin, ya sake takewa har ƙasa, allo ya sake nuna 100. Aikin akwatin ke nan: yana ƙara wa saƙon ƙafarka gishiri kafin ya isar. Kai ka ce kaɗan, shi ya je ya ce da yawa. Ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya, ba ya sa tarbo ta yi saurin ɗaukar wuta, ba ya kuma taɓa sassautawar da ke cikin ƙwaƙwalwar, tunda a ƙofarta yake tsayawa.

In za a yi masa adalci, yana da ɗan amfani. Ƙafa ba ta yin doguwar tafiya kafin a kai inda ake so, kuma da yake giya na ganin babban taku da wuri, takan sauko da wuri. Amma duk wannan ƙafarka za ta iya yi da kanta kyauta in ka ƙara dannawa. Abin da ake rasawa kuma ba ƙarami ba ne. Farkon totur, inda ake lallaɓawa, shi ake buƙata wurin fakin, da cikin gosulo, da ranar da ƙanƙara ta rufe titi. Akwatin ya matse wannan wuri ya mayar da shi ɗan mitsitsi. Ga mai haya kuma, fasinjan da kansa ke bugun kujera a kowace danja ba zai ba ka taurari biyar ba.

Na tambaye shi, "Ka gaya wa masu inshora?"

Ya ce, "Yaya, ɗan wannan abin ma sai an faɗa?"

Sai an faɗa. A Birtaniya duk abin da ya sauya mota daga yadda ta fito daga masana'anta, kamfanonin inshora suna tambaya a kansa. In ka ɓoye kuma aka yi haɗari aka gano, suna iya ƙin biyan ɓarnar motarka ko su soke inshorar, kuma wanda aka taɓa soke wa inshora yakan sha tsada a duk inda ya nufa bayan nan. Tuƙi babu inshora kuwa tararsa fam 300 ce da maki 6 a kan lasin. Ɗalibai su lura da kyau: wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi, ƙwace lasin ɗin ake yi, ya koma farko. Mai neman zama ɗan ƙasa ma ana tambayarsa laifuffukan da aka taɓa kama shi da su, har da na tuƙi. Ƙanen nawa ya kira kamfaninsa, suka ce ba sa karɓar irin wannan a inshorar haya, ya cire.

Akwai mataki na gaba da wannan, wato a sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar kanta. Wannan kam yana taɓa asalin abin, domin ana iya rage sassautawar, a ƙara matsin tarbo, a sauya lokacin canjin giya. A hannun gwani yana aiki. Amma yakan zubar da garantin inji da na giya, yana ƙara wa kuloci nauyi, shi ma dole a gaya wa inshora, kuma mai haya sai ya duba sharuɗɗan ƙaramar hukumar da ta ba shi lasin. Wasu masu wannan aiki sukan haɗa da cire matatar toka ta motar dizal, su ce motar za ta sami numfashi. A Birtaniya tun Fabrairun 2014 motar da aka cire wa wannan matata ba ta cin gwajin shekara na MOT, kuma hawa titi da ita na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. 'Yan uwa na Amurka ma dokar tsabtar iska ta tarayya ta hana taɓa kayan hayaƙi, a Kalifoniya kuwa tun Yulin 2021 motar da aka sauya wa manhaja ba da amincewar hukuma ba tana faɗuwa gwajin hayaƙi. Kada garin neman gira a rasa ido.

To ni me nake yi? Abubuwa ne da ba sa cin kuɗi. A cikin gari ba na sa Eco, sai in na hau doguwar hanya, domin aikinsa shi ne ya ƙara lafar da totur ya kuma hanzarta hawa giya. In na tunkari shataletale mai cunkoso nakan tura giya zuwa S, ko in sauko da ita ta 2 da hannuna tun kafin in isa, yadda inji zai kasance a farke, tarbo na juyi, giyar kuma ba ta da sauran abin hasashe. A mahaɗa mai wuya nakan kashe tsarin kashe inji, ko in ɗan sassauta birki don ya tashi tun tazarar ba ta iso ba. Ba na dukan totur farat ɗaya; nakan danna kamar rabi da niyya, in ji ta kama, sannan in ƙara, domin duka har ƙasa yakan sa giya ta tafi neman mafi ƙanƙanta, a ƙara ɓata lokaci. Ƙafar hagu tana wurin hutunta. Shimfiɗar ƙafa ɗaya ce, a maƙale a ƙugiyarta, don kada ta naɗe a ƙarƙashin totur ta hana shi kaiwa ƙasa, ko ta danne shi. Mafi girma duka, ina taka totur ne don tazarar da ke tafe, tun tana nesa, kuma tazarar da na ga sai da sa'a za ta ishe ni nakan bar ta ta wuce. Na baya ya yi ta hon, wata na zuwa.

Wanda kuma zai sayi mota, ya gwada ta a irin hanyar da zai riƙa bi, ya rage gudu kamar zai tsaya sannan ya taka, ya ji yadda za ta yi. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, ba ya jiran hayaƙi, shi ya sa motoci masu haɗa fetur da lantarki da masu lantarki zalla suka fi sauƙin shiga tazara, baya ga tattalin mai da ya sa suka cika layin 'yan haya.

'Yan uwa na Saudiyya da Sudan da Chadi suna da ƙarin nasu dalilin. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma in zafinta ya yi yawa ƙwaƙwalwar takan jinkirta tartsatsin filogi don kare inji, ga na'urar sanyaya ɗaki na jan nata kason. Tudu ma haka. Injin da ba shi da tarbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, don haka motar da ta taso daga Jidda a bakin teku ta hau Ɗa'ifa, mai tsayin sama da mita 1,800, ta bar kusan kashi 18 a hanya. Lafiyarta ƙalau, iskar ce ta yi ƙaranci.

Haka motocin da muke aikawa gida ta Kwatano ko Legas. Bayan wata shida sai a kira ka a ce motar ba ta jan totur. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe matatar iska ta ɓata sensa. A nan ne wani zai ba da shawarar a cire matatar hayaƙi, wadda ake wa laƙabi da indomi, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, ƙarafa masu tsada da ke cikinta ake hari. Duk wanda zai aika mota ya haɗa da matatun iska biyu ko uku da 'yar na'urar bincike, ya kuma ce a kai ta wurin bakaniken da ya iya karanta na'ura kafin ya ɗauki sifana. Akwai su yanzu a Kano da Kaduna da Yamai, matasa masu ƙoƙari.

Ina son motocin da na tashi da su, amma ba na fatan a koma. Sun amsa mana nan take, sun kuma sha mai, sun yi hayaƙi, kuma ranar da taya ta sulɓe a kan jiƙaƙƙiyar kwalta babu mai taimakon direba sai Allah sai hannunsa. Wani ɓangare na jinkirin motar yau kuɗin iskar da 'ya'yanmu ke shaƙa ne, da na na'urar da ke riƙe mota a kan hanya. Wani ɓangaren rashin lafiya ne da bakanike zai warkar. Sauran kuma ƙafa da ido ne za su rage shi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kafin ka ciro katin banki, ɗan uwa, ka fara gano wanne ne naka a cikin ukun. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.